Dandalin aiki na masu buƙata ta musamman: wa zai biya kamasho, ina jari zai fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da wasu abokaina muna shirin buɗe dandali a intanet inda makafi da kurame da guragu za su riƙa samun ayyukan kwangila, irin su fassara, zane, rubutu da shigar da bayanai. Kanmu ya rabu a kan kuɗi. Wasu sun ce a ɗora wa masu neman aikin kuɗin rajista duk wata, wasu kuma sun ce a bar komai kyauta, mu dogara da tallafin ƙungiyoyi. Wanne za mu ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni dai da za ku ji tawa, ba za ku ɗauki ko ɗaya ba. Kuɗin rajista zai kori waɗanda aka buɗe dandalin dominsu. Mutumin da rayuwa ta riga ta fi masa tsada, ga keken guragu, ga na'urar ji, ga mai rakiya, ba a ce masa ya biya tun bai ga ko sisi ba. Kyauta zalla kuwa iyakarta iyakar tallafi. Ranar da mai bayarwa ya juya akala wani wajen, shi ke nan an rufe.

Manyan dandamalin ayyukan kwangila a intanet, irin su Fiverr da Upwork, da kamasho suke rayuwa. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 daga kuɗin mai aiki, sannan ya ƙara wa mai saye nasa cajin. Upwork ya daɗe yana cire kashi 20 ko 10 ko 5 gwargwadon yawan cinikin mutum da abokin hulɗarsa, kafin ya mayar da shi kashi 10 a 2023. Amma su yawan ciniki ne ke riƙe su, ku kuwa ba ku da shi tukuna. Ɗauki alƙalami mu gwada. A ce hidimar dandalinku na cin dala 5,000 a wata, kuna cire kashi 10. Kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗi da kati zai ɗauke kusan kashi 3 (Stripe a Amurka na karɓar kashi 2.9 da santi 30 a kowane biya), saura 7 ke nan. Sai an yi cinikin sama da dala 70,000 kowane wata kafin ku mayar da abin da kuka kashe. Sabon dandali ba ya kai nan a shekarar farko sai da ikon Allah.

Saboda haka ku juya ga wanda ke da aljihu, wato kamfanoni. A bar kamashon mai aiki ƙarami, a cire shi bayan an biya, a ɗora babban nauyin kan mai ba da aiki. Kamfani zai biya kuɗin wata ko na shekara idan kuna tantance masa ma'aikata, kuna riƙe kuɗin aiki amana har a kammala, kuna kuma raba gardama idan ta taso. A wasu ƙasashen ma doka na tura su wajenku. A Faransa, kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama dole kashi 6 cikin 100 na ma'aikatansa su zama masu naƙasa, in ba haka ba ya biya wani kuɗi, kuma ana rage masa wannan kuɗin idan ya ba masu naƙasa masu zaman kansu kwangila. Ku binciki ko ƙasar da abokan cinikinku suke tana da irin wannan.

Akwai kuma aikin da mutanenku suka fi kowa iyawa. Tun 28 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai ta fara tilasta wa bankuna da shagunan intanet su gyara shafukansu yadda mai naƙasa zai iya amfani da su. Makahon da kullum da manhajar karanta allo yake aiki, cikin minti kaɗan zai gano maɓallin da manhajar ke kira "maɓalli" kawai, babu suna, babu bayanin abin da yake yi. Wannan ƙwarewa ce, kuma da tsada ya kamata a sayar da ita. A nan nake jan kunnenku: kada ku tallata dandalin da neman tausayi. Wanda ya zo don tausayi sau ɗaya yake zuwa, kuma araha yake nema. Ku sa mafi ƙarancin farashin da ba a sauka ƙasa da shi, don kada masu aikin su riƙa karya wa juna kasuwa.

Tallafi fa? Ku nema, amma ku san inda za ku zuba shi: gina dandalin bisa ƙa'idojin WCAG na tsara shafukan intanet yadda masu naƙasa za su iya amfani da su, waɗanda bugu na 2.2 ya fito a 2023, biyan masu naƙasa su gwada shi, horaswa, da tafintan maganar hannu. Abubuwa ne masu farko da ƙarshe. Albashi da hidimar yau da kullum kuwa, ku tsara yadda ciniki zai ɗauke su sannu a hankali. Masu zuba jari don riba su zo daga baya, domin idan suka shigo da wuri, abu na farko da za su nema shi ne a ƙara kamasho.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne alawus ɗin gwamnati. A Amurka, mai karɓar SSI, wato tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa da tsofaffi marasa ƙarfi, zai iya rasa shi idan abin da ya mallaka ya haura dala 2,000. Idan kuna da masu aiki a ƙasa mai irin wannan ƙa'ida, ku ba su cikakkiyar takardar abin da suka samu kowane wata, ku kuma sanar da su tun wajen rajista su tuntuɓi ofishin da ke biyansu kafin su karɓi babbar kwangila.