Ina Mutanen Tsakiyar Accra Suke Shiga Bayan Magariba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai shayi ne a Nima, kuma shekarata shida ina kafa tebur daga la'asar zuwa tsakar dare. Ƙanena ya tasa, ina so in buɗe masa nasa teburin, sai hankalina ya tafi wajen kasuwar Makola da titin High Street a tsakiyar Accra, tunda da rana wurin babu masaka tsinke. Amma da na je dubawa da ƙarfe tara na dare, sai na tarar da shi tsit, babu kowa sai masu gadi. Me ke kawo haka a tsakiyar babban birnin ƙasa, kuma shin in ci gaba da shirin? Daga wani mai karatu a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi dabara da ka je da ƙafarka kafin ka sayi ko da kofi ɗaya. Dubban mutanen da ke cika Makola, kasuwar gwanjo ta Kantamanto, Tudu da unguwar ma'aikatun gwamnati da rana, kusan dukkansu kwana suke yi a wani wuri. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa jihar Greater Accra tana da mutum sama da miliyan 5, amma yankin da ya rage a hannun hukumar birnin Accra, wanda tsohuwar tsakiyar gari take cikinsa, bai kai mutum 300,000 ba. Mai shagon da gidansa yake Madina, Ashaiman, Amasaman ko Kasoa (sunan da asalinsa kalmarmu ce ta kasuwa) ya san cewa idan ya ƙara rabin awa, layin trotro (ƙananan motocin haya) da cunkoson hanya za su cinye masa daren. Saboda haka tun kafin a kira magariba za ka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana jan su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa hankalinsa ya koma tasha.

Ba yau aka fara kwashe masu kwana daga wurin ba. Turawan mulki sun dawo da hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, suka jera ofisoshi, bankuna da kantunan kamfanoni kusa da bakin teku, su kuma suka gina gidajensu can gefe, a irin su Ridge. Bayan annobar da ta auka wa garin a 1908 an rage cunkoson tsakiya, aka buɗe sababbin unguwanni. A cikin shekarun da suka biyo baya ne Malam Bako ya tashi da jama'arsa daga tsohon zango, wanda sunansa ya rage a kan Zongo Lane, ya kafa Sabon Zongo. Ita kanta Nimar da kake zaune ta faro ne a shekarun 1930, a hannun Malam Amadu Futa. Wato kakanninmu suna cikin waɗanda suka fara barin tsakiyar Ankara, kamar yadda suke kiran garin, suka tafi da darensu tare da su. Daga baya kuɗin haya ya ƙarasa aikin, domin ɗakin da iyali za su kwana a ciki ya fi kawo wa mai gida kuɗi idan ya zama shago ko wurin ajiyar kaya. Yanzu ma manyan ofisoshi suna ƙaura zuwa Ridge da Airport City, har Babban Bankin Ghana ya buɗe sabuwar hedkwatarsa a Ridge a 2024.

Dubi teburinka na Nima, ka ga su wa ke zama a bencinka bayan isha. Akwai wanda ya fito daga masallaci, da telan da ya rufe shago taku goma daga gidansa, da yaron da aka aiko da kwano ya sayo ƙwai da burodi, da samarin da ke dafa ataya a majalisarsu suna gardamar ƙwallo. Babu ɗayansu da ke duba agogo don kada mota ta ƙare, tunda shimfiɗarsa tana bayan lungu. Haka abin yake a Osu, inda kasuwar dare da Oxford Street suke tsakiyar gidajen jama'a, haka kuma Jamestown da Bukom, waɗanda ba su da nisa da High Street amma mai dokunu da soyayyen kifi tana ciniki a can har dare ya raba.

Duk da haka, ba zan ce tsakiyar gari babu kowa ba. Idan ka bi ta Tudu da tsakar dare za ka ga 'yan mata masu ɗaukar kaya, kayayei, sun shimfiɗa kwali a barandar shaguna, kowace ta kifa babban kwanonta kusa da kai, wasu da goyo a gefe. Abin tausayi ne, kuma ba su ne za su riƙe maka tebur ba. Tun da wuta ta cinye babban ɓangare na Kantamanto cikin dare a Janairun 2025, masu gadi ba sa sakin fuska ga wanda ya zo da tukunyar gas kusa da rumfuna. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin tattalin arzikin awa 24 a 2025, amma ni a ganina fitilar titi, tsaro da motar komawa gida su ne za su fara zuwa kafin mutane su yarda su tsaya.

Shawarata ita ce ka juya lokacin. Cinikin tsakiyar gari na asuba ne, daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai, sa'ad da direbobi, 'yan dako da matan kasuwa suke isowa da yunwa ba su karya ba. Idan kuwa dare kake so lalle, ka nufi Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, wajen tashoshin manyan motocin Kumasi da arewa, inda fasinja ke jiran tashi har tsakar dare. Ka fara neman izinin wuri da takardar gwajin lafiya ta masu sayar da abinci daga hukumar yankin, sannan ka tura ƙanenka ya zauna a wurin mako guda, ya ƙirga masu wucewa a kowace awa, ya kuma gano inda zai riƙa samun ruwa.