An yi wa motata aikin inji, yanzu gas na shiga lagireto: wa zai biya?

Barista, ina da ƙaramar motar ɗaukar kaya mai amfani da gas, ina jigilar albasa da tumatir daga kasuwar Mile 12 da ke Legas. Na ba wani bakanike ya sauke injin ya yi masa aiki gaba ɗaya, kayan ma shi ya sayo a kasuwar kayan mota ta Ladipo da kuɗina. Ba a yi wata guda ba na buɗe lagireto sai warin gas, ga maiƙo a saman ruwan, tiyo sun fara kumbura. Na koma masa, ya ce direbana ne ya bar mota ta yi zafi. Abokaina sun ce in kai shi wurin 'yan sanda. Me doka ta ce?

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Tun kafin mu taɓa maganar doka, ka ajiye motar nan. Kada kowa ya wanke lagireton, kada kowa ya kwance injin. Ruwan da ke ciki shi ne babban shaidarka, in aka zubar da shi sai magana ta koma ka ce, ya ce. Ka ɗibi kaɗan a kwalba mai haske ka rufe. Gas ya fi ruwa sauƙi, zai taso sama ya kwanta. Ka ɗauki bidiyo, har da lambar kilomita.

Dalilin da na matsa a nan shi ne, alƙali ba zai tsaya a kan cewa mota ta lalace ba, zai tambayi abin da ya lalata ta. A injin gas da yawa, nozul, wato bakin da ke feshin gas cikin inji, na zaune ne cikin wani ɗan kwano a jikin kan silinda, ruwan sanyaya inji na zagaye da shi. In kwanon ya tsage, ko ba a zaunar da shi daidai ba, ko robarsa ta mutu, gas zai tsiyaya cikin ruwa. Wannan wuri ne da hannun mai aikin ya taɓa. Tsagewar kan silinda ma na jawo haka, kuma ita zafi na iya haddasa ta, to nan ne maganarsa a kan direbanka za ta samu gindin zama. Amma sai ya amsa: ya gwada kan silindan kafin ya mayar? Akwai kuma yiwuwar maiƙon baƙin mai ne daga gaskit ko daga na'urar sanyaya mai, ko ragowar tsohuwar matsala da ba a wanke ba. Ka nemo ƙwararre wanda ba ruwansa da ku biyun, ya matsa iska a lagireto ya ga inda yake yoyo, ya yi gwajin shuɗin ruwan nan da ke sauya launi in hayaƙin inji na shiga. Ka gayyaci bakanikenka a rubuce ya halarta, sakamakon kuma a rubuta a sa hannu.

In laifin daga aikinsa ne, doka na tare da kai ko da ba ku rubuta yarjejeniya ba. Wanda ya karɓi kuɗi a kan sana'arsa ya ɗauki alkawarin yin ta da ƙwarewa da kulawa. Sashe na 130 na dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ya ba ka haƙƙin samun aiki mai ingancin da mai hankali zai sa rai, da kayan gyara marasa aibi. In an gaza, kana iya neman a gyara ko a mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Tunda shi ya zaɓo kayan, ba zai tura ka ka yi rigima da mai shago a Ladipo ba.

Maganar 'yan sanda, ban ba ka wannan shawarar ba. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma in aka tsare shi ta hanyarka yana iya kai ka kotu kan tauye masa haƙƙi. Sai dai in ya karɓi kuɗin sababbin kaya ya mayar da tsofaffin, wannan kam damfara ce.

Ka fara da takardar neman haƙƙi: abin da ya faru, abin da kake so, da wa'adi. Ka haɗa da alat na banki da saƙonninku na WhatsApp. Na san mutanenmu sun fi son a zauna gaban shugaban 'yan kasuwa ko na ƙungiyar bakanikai, kuma ina goyon bayan haka, sai dai duk abin da aka daidaita a kai a sa shi a takarda. In bai yiwu ba, akwai cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas wadda kyauta ce, akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye, LASCOPA ta jiha da FCCPC ta tarayya. Daga nan sai kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018, inda kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Ita ta fi dacewa da adadin kuɗi tsayayye, kamar abin da ka biya. In za ka haɗa da asarar kwanakin da mota ta yi a ajiye, kotun majistare ce wurinka, kuma sai ka nuna littafin cinikinka, don kotu ba ta biyan ƙiyasi.

Dokar Legas ta ba ka shekara 6 a kan irin wannan ƙara, amma gas na cin tiyo da robobi kullum, kuma ɓarnar da ta ƙaru bayan ka gane matsalar ka ci gaba da hawa, kai za ta hau. Da zarar an kammala gwaji an rubuta, kana iya gyarawa a wani gareji, ka adana rasit da duk ƙarfen da aka cire.