Ina Matar Mai Amalanke Ta Nufa?

Tambaya: Malam, an nuna mana gajeren fim ɗin Usman Sembene, mai shirya fim ɗan ƙasar Senegal, wato Borom Sarret (Mai Amalanke), aka ce mu yi sharhi a kansa. A ƙarshe matar mai amalanken ta miƙa wa mijinta jariri, ta yi alkawarin yau za a ci abinci a gidan, ta fice, fim ya ƙare. Ina ta tafi? Ko dai mai fim ne ya kasa ƙarasa labarinsa? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, da gangan aka bar wannan giɓi, kuma akwai hanyar tantancewa. Ki sake kallon fim ɗin, tunda bai wuce minti 20 ba, da takarda a hannu. Ki ja layi biyu: kuɗin da ya shigo hannun mai amalanken, da wanda ya fita. Za ki ga tun safe a unguwar talakawan Dakar, babban birnin Senegal, yana ɗaukar mutanen da ba su da abin biya. Ya kai mai naƙuda asibiti. Ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, inda aka tsayar da uban saboda ba shi da takardar da ake nema kafin a binne gawa. Ɗan abin da ya samu kuma maroƙi ya wasa shi da kirarin kakanni, kansa ya kumbura, ya miƙa masa. Daga nan wani mai kwat ya lallashe shi ya shiga Plateau, unguwar masu hali ta Dakar, inda aka hana amalanke shiga. Ɗan sanda ya ƙwace amalanken, fasinjan ya sulale bai biya ba. Mutumin ya koma gida yana jan dokinsa, aljihu wayam.

To idan lissafi ya nuna an toshe kowace ƙofa kafin matar ta yi magana, giɓin ƙarshe ginanne ne. Giɓin kuskure kuwa ba ya da saiwa a baya: jarumi ya ɓace babu dalili, ko a nuna wuƙa sau uku a manta da ita.

Masu sharhi da dama sun karanta fitar matar a matsayin alamar za ta sayar da mutuncinta don ciyar da gida. Wasu na ganin rance ko roƙo za ta je. A naki sharhin ki kawo duka, ki faɗi wanda hujja ta fi ƙarfafawa, amma kada ki rubuta shi kamar an nuna shi a allo. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ni abin da na fi ba nauyi shi ne jaririn da ya koma hannun mijin. Wanda ya fita da safe a matsayin mai ciyarwa ya zauna raino, wadda aka bari a gida ta ɗauki nauyin tukunya.

Tambaya: Yaya ake gano jigo idan babu wanda ya furta shi a fim? (Wani mai koyon rubutun fim daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, aƙalla sau uku za ka kalla. Na farko don labari kawai. Na biyu ka kashe sauti, ka lura da abin da kyamara ke maimaitawa. Na uku ka juya baya ka saurara. A wannan fim kunne ne zai fi ba ka amsa: kiɗan gargajiya a unguwar talakawa, kiɗan Turawa da an shiga tsakanin dogayen benaye. An yi fim ɗin a 1963, shekara uku bayan Senegal ta samu 'yancin kai a 1960, ga shi ɗan ƙasa ba shi da ikon bi ta wani yanki na garinsu da abin neman abincinsa. Jigon ke nan, kuma ya kamata ka iya rubuta shi a jimla ɗaya mai fi'ili. Idan ka rubuta "talauci" kaɗai, batu ka ambata, ba ka kai ga jigo ba.

Tambaya: Shin mai amalanken mutumin kirki ne ko wawa? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Malam, auna shi da ma'auni biyu: abin da yake faɗa a zuci, wanda muke ji ta muryar bayan fage, da abin da hannunsa ke yi. Yana sallah, yana neman tsari, amma ya bar uba da gawar ɗansa a ƙofar maƙabarta ya yi gaba. Da asara ta same shi, sai ya riƙa ɗora laifin a kan wannan da wancan. Sembene ya tausaya masa ba tare da ya wanke shi ba, don haka a sharhinka ka kawo fage ɗaya da ke kare shi da ɗaya da ke tuhumarsa, ka rubuta mintin da kowanne ya zo don mai karatu ya koma ya duba da kansa.