Lambun Bayan Ɗaki: Amsoshi ga Masu Shuka Abin Miya a Gida

Tambayoyin da suka taru a wannan karo ba na masu manyan gonaki ba ne. Na masu bokiti biyu ne a bayan ɗaki, da masu buhun ƙasa a jikin katanga, da iyaye mata da ke son su miƙa hannu su tsinko ganye tukunya na kan wuta. Ina jin daɗin irin waɗannan tambayoyi ƙwarai, domin mai shuka biyar ya san kowace ɗaya kamar 'ya'yan cikinsa, kuma abin da idonsa ya gani yake tambaya.

Wata uwa ta ce: "Malam, na dasa tumatir uku a bokiti. Sun yi ganye shar, suna fure, amma furen sai ya bushe ya kaɗe. Wanda ya samu ya yi ɗa kuma, gindinsa ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan fesa?"

Malama, ki ajiye maganar feshi tukuna. Duka biyun babu ƙwaro a ciki. Zafi ne da ban-ruwa.

Furen tumatir ba ya jure zafi mai tsanani. Idan rana ta haura digiri 32 na ma'aunin Celsius kwana da kwanaki, dare kuma bai kawo sanyi ba, garin nan rawaya na cikin fure sai ya lalace, barbara ta gagara, furen ya bushe daga wuya ya faɗi. Alherin bokiti shi ne ana ɗaga shi. Ki matsar da su inda za su sha hantsi har zuwa azahar, sa'a shida ta ishe su, sannan inuwar katanga ta rufe su. Kuma furen tumatir mace da namiji a wuri ɗaya suke, girgiza kawai yake buƙata. A fili iska da ƙwari ke yi masa wannan aiki, amma lungun gida iska ba ta cika shiga ba. Kowace safiya, bayan raɓa ta bushe, ki ɗan bubbuga sandar da kika ɗaure shukar a jiki. In kuma kina zuba mata takin zamani na yuriya, ki dakata haka nan. Ganye shar babu 'ya'ya alama ce ta ya yi yawa.

Baƙin gindi kuwa ƙarancin sinadarin kalsiyum ne a cikin ɗan tumatirin, kuma yawanci ba ƙasar ce ta rasa shi ba. Kalsiyum cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa ɗa. Idan yau an cika bokiti, gobe da jibi an bar shi ya ƙeƙashe, sai tafiyar ta yanke, ƙarshen ɗan da ya fi nisa ya mutu. Kada ki wahalar da kanki da daka ɓawon ƙwai, yana ɗaukar watanni masu yawa kafin ya narke a ƙasa. Ki samu bokiti mai cin lita 20, tumatir ɗaya a kowanne, ki huda gindinsa wuri biyar ko shida. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa kaurin yatsa uku. Da safe ki tura yatsa har gaɓa ta biyu: in ya fito da danshi ki ƙyale, in ya fito a bushe ki ba shi ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. Waɗanda suka yi baƙi ki cire su, na bayansu za su fito lafiya da yardar Allah.

Wani magidanci ya ce: "Yarana biyu, mai shekara 5 da mai shekara 8, ba su da aiki sai waya. Me zan shuka da su wanda ba zai gundure su ba?"

Malam, Allah ya yi musu albarka. Wannan ita ce tambayar da ta fi kwanta mini a rai.

Yaro ba ya jiran wata uku. Ka fara da abin da zai gani a cikin mako guda, kuma babu kamar wake. Ka samu kofin gilashi, ka cusa auduga ko takarda mai laushi a ciki ka jiƙa, ka saƙala ƙwayar wake uku tsakanin audugar da jikin gilashin, inda ido zai kai. Kwana na biyu za ta kumbura, fatarta ta tsage. Na uku ko na huɗu farar saiwa za ta leƙo ta nufi ƙasa. Sai ka ce wa ƙaramin ya kwantar da kofin a gefe, ku ga abin da saiwar za ta yi. Kwana ɗaya ko biyu za ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa. Ba sai ka yi dogon bayani ba, gani ya kori ji.

Babban kuma ga nasa. Ku shuka masara shida a gwangwani, ku ajiye a bakin taga inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya kawai. Da zarar tsiron ya fito kamar allura, kafin ganye ya buɗe, ku yi wa uku 'yar hula da takardar alminiyam, ku bar uku a buɗe. Na buɗe za su karkata wajen taga, masu hula su tsaya ƙyam. Ka gaya masa cewa wannan gwaji uba da ɗa ne suka yi shi: masanin kimiyya Charles Darwin da ɗansa Francis, a Ingila, da tsiron ciyawa, suka kuma fitar da sakamakonsa a 1880. Da shi aka gane cewa kan tsiro ne ke jin haske, ya aika da saƙo ƙasa a lanƙwasa. Yaro mai shekara 8 zai iya maimaita shi da hannunsa, kuma ba zai manta ba.

Bayan nan kowa ya samu tukunyarsa, da sunansa a jiki. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda manya ke zato: yaro ba ya ɗokin ban-ruwan lambun babansa, amma nasa ko ba a tashe shi ba zai tashi. Alayyaho ake tsinka cikin mako uku zuwa huɗu, latas wata guda da 'yan kwanaki. Ku ɗaura zare a jikin bango wake ya hau, kowane ƙarshen mako a sa alli a yi alamar inda na kowa ya kai. In akwai wuri ku sa kabewa. Furenta iri biyu ne, macen tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashi, namijin sanda ce siririya kawai. Da sassafe, kafin furen ya rufe, yaro ya tsinki namiji, ya cire rawayan ganyen, ya goga tsakiyarsa a cikin macen. Ranar da kabewar ta shiga tukunya, shi zai zaga gida yana faɗin tasa ce.

Za su yi ɓarna, wannan dole ne. Ƙaramin zai tono iri ya duba ko ya tsiro, zai kuma cika ruwa har ƙasa ta zama taɓo. Kada ka yi musu tsawa, ka shuka fiye da yadda ake buƙata tun farko. Abu ɗaya ne babu sassauci a kansa: irin da aka saya a leda, in ƙwayarsa ja ce ko shuɗiya, an shafe shi da magani, ba a sa shi a baki, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

"Baba, ina tara ɓawon kayan miya a wani tsohon baho don ya zama taki, amma wari ya hana mu sakat, ga ƙuda."

'Yata, bahonki ya jiƙe da yawa kuma iska ba ta shiga. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu mai da shara taki, numfashi suke yi. In sun rasa iska, waɗansu masu wari ne ke karɓe aikin. Ki huda bahon ta ƙasa da gefe. Duk kwano ɗaya na ɗanyen ɓawo, ki bi shi da kwano biyu ko uku na busasshen abu: busasshen ganye, yagaggen kwali, ciyawa. Danshinsa ya zama kamar tsumman da aka matse. Ki riƙa juyawa sau ɗaya a mako, in kika ji ɗumi a tsakiya to aiki na tafiya. Nama, kifi, mai da ragowar dafaffen abinci kada su shiga, su ke kiran ƙuda da ɓeraye. A lokacin zafi, wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

In kuma kina da kaji: ɗanyen kashinsu yana ƙone saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ki sa shi cikin bahon ya ruɓe. In ya shiga ƙasa ɗanye, a bar kwana 120 kafin a ci ganyen da ba a dafawa.

"Na'a-na'a ta gagare ni daga iri."

Bar iri, ɗan'uwa. Yanko reshe tsawon yatsa, zare ganyen ƙasa, tsoma a kofin ruwa a inuwa. Mako ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. Ka ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo, ta mamaye maƙwabta.

Wani dattijo ya ce: "Bara na samu tumatir manya masu daɗi, na ajiye irinsu. Bana da na shuka kowanne da kamarsa, waɗansu ƙanana."

Ranka ya daɗe, mai yiwuwa na baran irin haɗi ne, wanda ake rubuta F1 a jikin ledarsa. An haɗa iyaye biyu daban ne aka same shi. Shukar farko duk kai ɗaya take fitowa, amma jikoki sai su rarrabu, wani ya ɗauko kaka na nan, wani na can. Masanin kimiyya Gregor Mendel ne ya fara ƙirga wannan a lambun gidan ibada da ke Brno, a ƙasar Czech ta yau, tsakanin 1856 da 1863. Ya haɗa dogon waken Turawa (pea) da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, jikoki kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ya koma gajere.

In kana son ajiye iri, nemi wanda ba na haɗi ba. Ka zaɓi ɗan da ya nuna sosai a shukar da ta fi lafiya, ka matse 'ya'yan a kofi da ɗan ruwa, ka bari kwana biyu zuwa uku yauƙin ya ruɓe. Masu kyau za su nutse. Ka wanke, ka shanya a inuwa mako guda, ka zuba a ambulan na takarda. A wuri mai sanyi mara danshi yana kaiwa shekara huɗu.

"Ganyen barkonona ya nannaɗe, yana danƙo, ga tururuwa na hawa da sauka."

Ka juya bayan ganyen, za ka ga ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe a cunkushe suna tsotsar ruwansa. Danƙon kashinsu ne mai zaƙi, shi tururuwa ke bi, har gadinsu take yi. Ka fara da watsa musu ruwa da ƙarfi. In sun dawo, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara turare a lita ɗaya, ka gwada a ganye biyu tukuna, washegari in bai ƙone ba ka fesa da yamma, ka fi ba bayan ganye ƙarfi. 'Ya'yan darbejiya ma suna aiki: giram 50 a daka, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace. In ka ga ɗan ƙwaron nan ja mai ɗige-ɗigen baƙi, kada ka kashe shi, su yake ci.

Wata amarya ta ce: "Ina tsinko ganye kore shar, amma kafin a zuba abinci ya dafe ya yi duhu, ɗanɗanon ma ya tafi."

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ganyen lambunki bai yi tafiya ba, bai kwana ba, don haka ba ya son wutar da aka saba ba wanda ya yi yaushi. Ki tsinka da safe, ki wanke kafin ki yanka, domin bitamin C cikin ruwa yake narkewa, in kin yanka sannan kika wanke kin zubar da shi. Ki gama haɗa miyarki tsaf, sannan ganye ya shiga a minti uku zuwa biyar na ƙarshe. Doguwar dahuwa da tsami su ne ke kashe korensa, saboda haka lemon tsami sai an sauke. Na'a-na'a da ganyen albasa kuwa bayan an kashe wuta.

Tumatir da karas akasin haka suke. Sinadarin da ke sa tumatir ja da wanda ke sa karas ruwan lemo cikin mai suke narkewa, jiki ya fi cin moriyarsu in an soya su a hankali da ɗan mai. Kada ki sa tumatirinki a firiji, sanyin da ya gaza digiri 12 yana dakushe ƙanshinsa; ki jera su a faranti a inuwa. Waɗanda suka faɗo ɗanye, ki sa su a jakar takarda da ayaba nunanniya guda, iskar da take fitarwa za ta nunar da su cikin 'yan kwanaki. Barkono kuma yajinsa a farar jijiyar nan ta ciki ya fi taruwa, inda 'ya'yan ke maƙale. Ki tsaga shi biyu, ki kankare ta da cokali, ƙanshin zai zauna, yajin ya ragu yadda har ƙananan baƙinki za su iya ci. In wani ya ci ya ji zafi, madara za ki miƙa masa, ruwa ba ya wanke shi.