Shin bitamin da karkade za su hana hawan jinin ciki ya dawo?

Tambaya: Likita, ina zaune a Gadarif ta ƙasar Sudan. A cikina na fari jinina ya hau, na kumbura, aka ciro yaron a wata takwas. Yanzu ina da cikin wata biyu. An ce mini mabiyiya ce ta lalace, wai bitamin C da karkade za su kare ni. Haka ne?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Maganar mabiyiya gaskiya ce, maganin da aka faɗa miki ne ba daidai ba.

Wannan ciwo, firi'eklamsiya, tun farkon ciki yake kafuwa. Ya kamata ƙananan jijiyoyin mahaifa su buɗe sosai, jini ya riƙa kwarara zuwa mabiyiya ba yankewa. A wasu matan ba sa buɗewa, sai jinin ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Wannan ne ke haifar da ɓurɓushin iskar oksijin masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, har su rinjayi garkuwar mabiyiyar. Ita kuma da ta jigata sai ta zubo sinadarai cikin jinin uwa, su ɓata bangon jijiyoyinta. Bayan mako 20 sai a ga awon hawan jini ya kai 140 bisa 90, furotin na fita a fitsari. In aka yi sake, jijjiga ta biyo baya.

Likitoci ma sun yi zaton bitamin C da E za su kashe wannan ɓarna. An gwada a kan mata sama da 2,000 a Birtaniya, sakamakon ya fito a 2006: ciwon bai ragu ba, sai ma aka ƙara samun jarirai marasa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba da su don wannan ba. Karkade kuwa abin sha ne, ba ya buɗe jijiyar mahaifa.

Tunda kin taɓa yi, ki fara awo yanzu. Ki tambayi likitarki ƙaramin asfirin da ake farawa wajen mako 12, da kalsiyam in madara ta yi ƙaranci a abincinki. Ki kwana cikin gidan sauro, don maleriya ma tana cin mabiyiya, a Gadarif kuwa ba baƙuwa ba ce da damina. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zafi ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko kumburin fuska, ko bayan haihuwa ne, asibiti za ki a ranar.