Faifan Creedence: a Landan aka ɗauka ko a Oakland?

Tambaya: Malam, na gāji wani tsohon faifan garmaho na ƙungiyar Creedence Clearwater Revival daga kawuna. A bangonsa an rubuta Royal Albert Hall, amma abokina ya dage cewa ba a Landan aka yi wasan ba. Wa ke da gaskiya? Kuma a cikin wasanninsu na dandali, wanne zan fara saurara?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ne ke da gaskiya. Kamfanin Fantasy ya fitar da faifan a 1980 da sunan wancan zaure na Landan, daga baya aka gano cewa tef ɗin na wasan da suka yi ne a Oakland, jihar Kalifoniya, ranar 31 ga Janairun 1970. Sai aka sauya masa suna zuwa The Concert. Tunda naka yana ɗauke da tsohon sunan, ka adana shi da kyau. Ainihin wasan Landan, wanda suka yi a Afrilun 1970, bai fito ba sai a 2022.

Ni dai da wannan na hannunka zan fara, domin a gida suke wasa. Mutane da yawa idan suka ji muryar John Fogerty mai kaushi da yadda jitarsa ke rawa, sai su ɗauka 'yan fadamun jihar Luwiziyana ne. Alhali a El Cerrito suka taso, kusa da Oakland ɗin. Kiɗan jihohin kudancin ƙasar Amurka suka ƙaunata tun suna yara, har suka iya shi. Ka kasa kunne ga gangar Doug Clifford da jitar bes ta Stu Cook: ba sa gaggawa, ba sa ƙawa, sun riƙe kiɗan gam. Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin waƙoƙin gajeru ne, a zamanin da makaɗa ke jan waƙa ɗaya har a gaji.

Faifansu Live in Europe na 1973 ka bar shi ƙarshe. Lokacin Tom Fogerty ya riga ya fita, sun rage su uku, kuma kunne yana jin giɓin jitarsa. Bayan na Landan, ka nemi wasansu na bikin kiɗa na Woodstock na 1969, wanda John ya hana a sa a fim ɗin bikin, sai a 2019 ya fito cikakke.