Yadda za ka rage nauyin faifan DVD don kallo a waya

Ɗan'uwa, ka ce ka kwafo bidiyon faifan DVD zuwa waya, ya cinye maka wuri, wani lokacin ma ya ƙi buɗewa. Dalili shi ne faifan na amfani da tsohon tsarin matsewa na MPEG-2, kuma yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Kwafa kawai ba ta rage komai, sai an sake matse shi.

Ka sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, a kwamfuta, kyauta ce. Ka zaɓi nau'in fayil na MP4 da tsarin matsewa na H.264. Kusan babu wayar da ba ta karanta H.264. H.265 ya fi matsewa, amma yana jan lokaci, kuma tsofaffin wayoyi kan sha wahala da shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne girman hoto. Hoton DVD bai wuce ɗigo (pixel) 720 sau 576 ba, ko 720 sau 480. Kada ka ɗaga shi zuwa 1080, nauyi kawai za ka ƙara, hoton ba zai ƙara kyau ba. Ka bar ma'aunin RF, wato na ingancin hoto a HandBrake, tsakanin 20 da 22. Lamba na hawa, fayil na raguwa, inganci na sauka. In ka ga layi-layi kamar haƙoran matsefi a jikin abin da ke motsi, kunna Decomb, matacin da ke share su.

Sauti kuwa tsarin AAC mai tasha biyu (hagu da dama) ya wadatar. Ka fara gwada babi ɗaya tukuna, ka duba wuraren duhu, don nan ne lalacewa ke fara bayyana. Faifan da aka kulle don hana kwafa, HandBrake ba ta buɗe shi da kanta.